A.R. Rahman: Ƙwaron Madras Da Ya Hana Kunnuwanmu Sakat

Bari in faɗa tun wuri, kada wani ya zauna jiran adalci daga wajena: a fagen kiɗan finafinan Indiya ni ɗan gani-kashe-nin A.R. Rahman ne. Kirari na zo yi wa gwanina, shari'a kuwa a nemi wani alƙalin. Na san a cikinku akwai 'yan Nadeem-Shravan masu ji da Aashiqui da Saajan. Akwai iyayenmu da suka sha turereniyar yankar tikiti a Plaza da El Dorado da Marhaba a Kano, waɗanda a wurinsu in ba Laxmikant-Pyarelal ko R.D. Burman ne suka kaɗa ba, to hayaniya ce kawai. Akwai kuma waɗanda har gobe in aka saki Disco Dancer na Bappi Lahiri sai kafaɗa ta motsa, ko da carbi a hannu. Duk na sara muku, kowa da gwaninsa. Amma in ana dara, fid da uwa ake yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke tauye wa bawan Allahn nan haƙƙinsa. Ka saka "Chaiyya Chaiyya" a kowace majalisa daga Fagge har Damagaram, nan take za a ce maka ai waƙar Sharukhan ce ta kan jirgin ƙasa. Ka saka ta fim ɗin Taal, a ce ta Aishwarya ce. Jama'a, Sharukhan rawa ya taka, baki ya motsa, kuma ya iya, ba mai musu. Amma wanda ya kwana bai runtsa ba yana ɗora ganga kan ganga, murya kan murya, har abin ya fito ya daki ƙirjinmu, wani ɗan gajeren mutum ne mai kunya, mai magana ƙasa-ƙasa, mai yalwar suma, da ke can kudancin Indiya a ƙunshe cikin sitidiyonsa.

An haife shi a Madras, birnin da yanzu ake kira Chennai, ran 6 ga Janairun 1967, aka raɗa masa suna Dileep Kumar. A'a, ba Dilip Kumar na Mughal-e-Azam ba. Wancan Musulmi ne, Yusuf Khan, ya ari sunan Hindu don harkar fim. Wannan kuwa a gidan Hindu aka haife shi, daga baya ya ajiye sunan ya ɗauki na Musulunci. Kuma matan da su biyun suka aura duk sunansu Saira Banu. Ku riƙe wannan, zai yi muku rana a musun majalisa.

Mahaifinsa, R.K. Shekhar, mai tsara kiɗa ne a finafinan harshen Malayalam, irin haziƙan nan da kan yi rabin aiki a bayan fage sunan wani ya fito a allo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, tun yaron yana ƙarami yake bin uban sitidiyo yana taɓa harmoniya da fiyano. Sai ciwo ya kwantar da uban, ya rasu a 1976, yaron yana da shekara 9. Aka bar uwa da 'ya'ya huɗu, ba abin da ke shigo da kuɗi sai hayar kayan kiɗan da mamacin ya bari. Yana ɗan shekara 11 ya fara bin ƙungiyoyin makaɗan fim, har ya shiga ƙungiyar Ilaiyaraaja, sarkin kiɗan finafinan Tamil na wancan zamani, yana danna masa fiyano. Ku auna wannan: tsaransa suna can suna guje-guje a layi, shi yana zaune a tsakiyar gardawan makaɗa, in yatsansa ya zame sai kowa ya koma farko a sake ɗauka. Daga baya makarantar boko ma haƙura ya yi da ita, don tukunyar gida shi take jira.

Ya yi wa M.S. Viswanathan aiki, ya bi su Zakir Hussain mai tabla yawon wasa, ya samu shaidar ƙwarewa a kiɗan Turawa na gargajiya daga Trinity College ta Landan, ya kafa ƙungiyar samari masu kiɗan zamani da abokansa irin su Sivamani mai ganga. Amma ni a ganina makarantar da ta fi goge shi ita ce ta talla. Shekaru ya kwashe yana haɗa 'yan gajerun kiɗe-kiɗen tallan talabijin, yau na kofi, gobe na agogo, jibi na fenti. Mai talla daƙiƙa 30 gare shi, ko ya cafke kunnenka tun a bugun farko ko ka tashi shan ruwa. Shi ya sa har yau a wajen buɗe waƙa Rahman ba shi da na biyu, kafin mawaƙi ya buɗe baki ya riga ya gama da kai. Da kuɗin tallan nan ya gina ɗan sitidiyo a bayan gidansu a unguwar Kodambakkam, ya sa masa suna Panchathan.

A ƙarshen shekarun 1980 ne gidan gaba ɗaya suka karɓi Musulunci ta dalilin wani shehin Sufaye, Karimullah Shah Qadri. Uwar ta zama Kareema Begum, Dileep ya zama Allah Rakha Rahman. Shehin ɗan Ƙadiriyya ne, ɗarikar Sidi Abdulƙadir Jilani, wadda mutanen Kabara ba sa bukatar a yi musu bayaninta. Za mu dawo kan wannan, don yana cikin kiɗan nasa tsundum.

Sai 1992. Darakta Mani Ratnam, wanda manyan finafinansa na baya Ilaiyaraaja ne ya kaɗa su, ya yi kasada ya miƙa Roja ga matashi ɗan shekara 25 da talla kawai aka san shi da shi. Labarin wata 'yar ƙauye ce da 'yan bindiga suka sace mijinta a Kashmir, ta dinga bin ofis-ofis tana roƙon a ceto shi, ga shi ba ta jin yaren kowa. Labari mai kyau, ba laifi. Amma waƙoƙin, kai jama'a! Ku koma ku saurari "Chinna Chinna Aasai", wadda a kwafin Hindi ta zama "Dil Hai Chhota Sa". A lokacin, kiɗan finafinan Bombay gangar dolak ce ke jan ragama, a tara tulin masu goge irin na Turawa a zaure guda a kaɗa gaba ɗaya, kowa na neman kunnenka lokaci guda. Sai ga yaron nan da sauti wasai, tsaf-tsaf, mai sanyi, mai numfashi, kowane kayan kiɗa a muhallinsa, ga fili an bari a tsakani, ga bes a ƙasa yana takawa a natse irin na kiɗan rege, ga muryar Minmini siririya, sabuwa ful, ba kwalliya ba ƙaƙale, tana tsalle-tsalle a sama. Ko a 'yar rikoda mai batir da sifika ɗaya sai ka ji bambanci. Da wannan aikin na fari ya ɗauki lambar ƙasa ta gwarzon makaɗin fim a Indiya, kuma a 2005 mujallar Time ta Amurka ta sa Roja cikin kiɗan finafinai goma da ta ce sun fi fice a tarihi. Hannun farko ke nan fa!

Sirrin yana cikin yadda yake aiki. Ba ya tara kowa rana ɗaya. Mai sarewa zai zo ya busa nasa ya tafi, mawaƙiya ta zo ta rera baiti ɗaya ta hanyoyi daban-daban ba tare da ta san wanne za a ɗauka ba, sannan shi ya zauna da kwamfuta da injiniyansa na sauti (a da marigayi H. Sridhar ne), suna tsinta suna jerawa har gari ya waye. Aikin dare yake yi, kowa a masana'antar ya san haka, manyan mawaƙan Bombay sun sha zaman jira a Chennai har tsakar dare kafin a kira su gaban makirfo. Ga shi da son baƙuwar murya. A zamanin da mawaƙa 'yan ƙalilan suka mamaye kowane kaset, shi sai ya jawo mai shaƙaƙƙiyar murya, ko 'yar ƙauye, ko yaro, ko tsohuwa, ya ba su fili. Wani halin nasa da ke ƙara mini ƙaunarsa: a bangon kaset ɗinsa za ka ga sunan mai sarewa, da mai jita, da mai ganga, har da 'yan amshi. Ɗan da ya ga yadda aka yi da ubansa ne. Ina ma furodusoshinmu na Kannywood za su ari wannan, su riƙa rubuta sunan yaran da ke kwana a kan fiyano a sitidiyoyin Zoo Road da manyan baƙi.

Daga Roja sai abin ya zama ba kama hannun yaro. A 1994 ya saki Kadhalan, wanda muka fi sani da Humse Hai Muqabala, inda Prabhu Deva ya karya jiki a "Muqabla" har aka rasa inda ƙashinsa yake. A 1995 sai Bombay, labarin saurayi Hindu da budurwa Musulma da suka yi aure rikicin addini na 1992 zuwa 1993 ya rutsa da su. Kowa na son "Humma Humma" da "Tu Hi Re", ni ma haka, amma abin da ke kashe mini jiki a fim ɗin nan ba shi da kalma ko ɗaya. Taken fim ɗin nake nufi, inda sarewar Naveen Kumar ke farawa ita kaɗai, a hankali, a raunane, kamar mai tsoron ta da wani daga barci, can sai gogen nan masu yawa su taso daga ƙasa su rungume ta su ɗaga ta sama. Wanda ya taɓa ganin garinsu bayan an kwana ana ƙone-ƙone ba ya bukatar tafinta a nan. Har Amurkawa sun ɗauke shi sun sa a fim ɗin Lord of War na Nicolas Cage. A shekarar dai ya yi Rangeela, fim ɗinsa na farko da aka tsara da Hindi tun asali, ya ɗauko Asha Bhosle tana da shekara sama da 60 ya sa ta rera wa Urmila, yarinya ɗanya shataf, kuma wallahi ba ka ce ba muryar yarinyar ba ce.

To, yanzu mu zo kan Dil Se na 1998, ku gyara zama. A wurina nan ne ƙarshen tika-tika tik. "Chaiyya Chaiyya" da muryar Sapna Awasthi take buɗewa, ita kaɗai, murya mai kauri, mai tsatsa, mai ƙurar hanya, tana amsa kuwwa. Sai a ɗan yi jim. Sai kiɗan ya faɗo, kuma in ka kasa kunne da kyau tafiyar jirgin ƙasa ce sak aka mayar ganga, cukucuku-cukucuku, ba ya sauri ba ya lafawa, sannan Sukhwinder Singh ya shigo da wannan buɗaɗɗiyar muryar tasa ta mutumin Punjab da ba ta san rowa ba. Gulzar ne ya rubuta baitocin, ya ɗebo daga wata tsohuwar ƙasidar Bulleh Shah, sufin Punjab, shi ya sa ko ba ka jin Hindi za ka ji akwai shauƙi a ciki da ya wuce na saurayi da budurwa. Kuma a kan rufin jirgi na gaske mai tafiya aka ɗauke ta, a tsaunukan Nilgiri kusa da Ooty, Farah Khan ta tsara rawar, Malaika Arora da Sharukhan da taron 'yan rawa suna cashewa jirgi na ratsa gada da ƙoramu. Spike Lee da ya tashi buɗe fim ɗinsa Inside Man a 2006, labarin fashin banki a New York, da ita ya buɗe. Me ya haɗa fashin banki da jirgin Ooty? Babu. Daɗi ne ya ɗebe shi.

Kuma kada ku tsaya a kanta, don albam ɗin nan babu ta yarwa. A "Dil Se Re", wadda Rahman ya rera da bakinsa, bes ɗin da ke gurnani a ƙasa Guy Pratt ne ya kaɗa, mutumin da ya riƙa yi wa ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila kiɗa. Ku sa iyafis mai kyau ku bi bes ɗin kawai, ku manta da komai, za ku gode mini. A "Jiya Jale" kuwa ya haɗa Lata Mangeshkar da 'yan amshi masu rerawa da Malayalam, tsohuwar zuma da sabon yaji a faranti guda. Fim ɗin bai yi kasuwa sosai a cikin Indiya ba, amma kaset ɗin ya zaga duniya.

Shekara na zagayowa sai Taal. Subhash Ghai mutumin Laxmikant-Pyarelal ne tun su Karz da Hero da Khalnayak, a Pardes kuma Nadeem-Shravan ya ɗauka, amma da ya tashi yin fim da kiɗa ne jarumin cikinsa, Chennai ya nufa. Ban ce komai ba, 'yan Nadeem, labari kawai nake bayarwa. "Taal Se Taal Mila" da ɗigon ruwa take somawa, ɗis, ɗis, har ɗigon ya rikiɗe ya zama ganga ba ka san lokacin ba. "Ishq Bina" kuwa lallausa ce, mai tafi, mai ƙamshin ƙawwali, irin wadda kake saka wa a maimaita har batir ya mutu. Sannan a 2001 ya yi Lagaan, inda ƙauyawa a 1893 suka kara da Turawan mulki a wasan kurket don a yafe musu haraji. Ina ƙalubalantar duk ɗan manomi ya kalli "Ghanan Ghanan" bai ji wani abu ya tsaya masa a wuya ba: an daɗe ba ruwa, hadari ya haɗo, gari ya fito da tsofaffi da yara ana karɓa-karɓar waƙa, wannan ya ɗauka wancan ya cafe, ganguna na kwaikwayon cida, kowa ya ɗaga kai sama. Sai iska ta kwashe hadarin, ko ɗigo bai sauka ba, kiɗan ya mutu murus. Mu da muka san roƙon ruwa mun san wannan shirun.

Yanzu ga inda nake cewa Rahman namu ne ta wata fuskar. Mun san masu bandiri a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, da kan ɗauki karin waƙar soyayya ta Indiya su wanke ta su mayar da ita begen Annabi (SAW). Shi wannan ya hutar da su, da kayansa a wanke yake zuwa. Ya yi "Piya Haji Ali" a Fiza, ya yi "Zikr" a fim ɗin Bose, ya yi "Arziyan" a Delhi-6 inda ake nuna sahun masallata a babban masallacin Juma'a na tsohuwar Delhi. Ban zo muhawarar malamai ba, kowa ya riƙe fahimtarsa, ni kunne na kawo. A Jodhaa Akbar na 2008 ga "Khwaja Mere Khwaja", yabon Mu'inuddin Chishti na Ajmer, da harmoniya da tabla da tafi, muryar Rahman ɗin kansa siririya tana hawa tana sauka cikin ladabi, masu fararen riguna da dogayen huluna suna juyi, har Sarki Akbar, wato Hrithik Roshan, ya miƙe daga kan shimfiɗarsa ya shiga cikinsu yana juyawa, ya manta da sarauta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen da'irar zikiri ya ga yadda shauƙi ke ɗaukar dattijo ya san ba ƙarya aka nuna ba.

Amma sarauniyarsu ita ce "Kun Faya Kun" ta Rockstar, 2011. Kusan minti takwas, kuma ba daƙiƙar da za ka ce a yanke. A fim ɗin, an kori Ranbir Kapoor daga gida, ya rasa wurin kwana, ya faɗa hubbaren Nizamuddin Auliya a Delhi da jitarsa a kafaɗa. Harmoniya ce ke buɗewa a hankali, Rahman da Javed Ali suna karɓa-karɓa, tafi na shigowa, tabla na biye. Yaron na gefe yana kallo, ba ya cikinsu. Can sai ka ji jita ta saɗaɗo ta bi sahun harmoniya, sannan muryar Mohit Chauhan, wadda ita ce muryar yaron a fim ɗin, ta shigo a ɗarare, ta ɗan samu gindin zama, daga nan ta saki jiki. Ashe labarin fim ɗin gaba ɗaya ake ba ka da kayan kiɗa: ɗan zamani ya zo baƙo, an matsa an ba shi wuri. Tsigar jikina tashi take yi duk sa'ad da aka zo gurbin nan. Kuma mutumin da ya yi wannan shi ne ya yi wa Lata waƙar addu'ar Hindu a Lagaan, ya kuma yi ta tsakani da Allah. Gwani gwani ne.

Af, na kusa tsallake "Luka Chuppi" ta Rang De Basanti, 2006. Uwa ce ke neman ɗanta matuƙin jirgin yaƙi da ya mutu a haɗari, kamar suna wasan ɓuya, Lata tana da shekara sama da 75 tana rera uwar, Rahman yana amsawa a matsayin ɗan. In mahaifiyarka ta rasu kada ka saurare ta a cikin mutane. Na dai gaya maka.

Ran 22 ga Fabrairun 2009 duniya ta farga da abin da mu muka daɗe da sani. A birnin Los Angeles ya ɗauki Oscar biyu a dare guda saboda Slumdog Millionaire na Danny Boyle, ɗaya ta kiɗan fim, ɗaya ta waƙar "Jai Ho" da suka raba da Gulzar. Kafin nan ya karɓi Golden Globe da BAFTA, bayan nan Grammy biyu suka biyo. Ya hau dandamali a natse, ya ambaci mahaifiyarsa da ke cikin zauren, ya mayar da yabo ga Allah da harshensa na Tamil. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina, sai dai raina ya sosu da Sridhar bai ga ranar ba, don ya rasu a Disambar 2008. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mu da muke cikin gida: "Jai Ho" ba ta shiga goman farko a waƙoƙin Rahman. Ko ashirin ɗin farko sai an yi mata alfarma. Asali ma don fim ɗin Yuvvraaj na Subhash Ghai aka fara tsara ta, bai yi amfani da ita ba. Wato abin da ya rage a ƙasan tukunya aka kai wa Turawa suka rikice. Da sun ji Dil Se a kan kari fa?

Ina da ƙorafi, kada a ce so ya rufe mini ido ruf. Na farko, kiɗan Rahman ɗumame ne, sai ya kwana yake daɗi. Sau da yawa sabon albam zai fito ka ji shi salam, ka ce oga ya fara gajiya, bayan mako guda ka tsinci kanka kana rera shi a kan babur. Mu mun saba, amma wannan ya sa yana da wuyar tallatawa ga mai gaggawa. Na biyu, in aka juya waƙoƙinsa na Tamil zuwa Hindi, kalmomin kan zauna a karkace a kan karin, shi ya sa nake ce wa mutane su nemi na asalin, Alaipayuthey kafin Saathiya. Na uku, akwai ayyukan da ko ni ba zan kare ba. Waƙar gasar Commonwealth ta Delhi a 2010 ba ta tashi ba. Mohenjo Daro sai a hankali. Heropanti 2 kuwa, oga, me ya kai ka? Wa ya roƙe ka?

Sauran haushin ba laifinsa ba ne. Masu rimis sun sa waƙoƙinsa a gaba, sun taɓa "Humma Humma", sun taɓa "Muqabla", a 2020 suka kama "Masakali" suka yi mata kaca-kaca har shi da ba ya faɗa sai da ya fito ya ce a koma a ji ta asali. Ga kuma 'yan uwanmu masu fassara finafinan Indiya zuwa Hausa. Ina jin daɗin aikinku, kuna sa mu dariya, kun kai finafinan kudancin Indiya har ɗakin kakanninmu. Amma don Allah in fim na Rahman ne ku bar waƙoƙin su kai ƙarshe, ku kuma rage surutu a inda kiɗan ƙarƙashi ke magana. Mutum ya kwana yana jera sauti, ku zo ku datse a daƙiƙa goma, haba!

Masu cewa zamaninsa ya wuce kuma, ina "Agar Tum Saath Ho" ta Tamasha, 2015, da Alka Yagnik da Arijit Singh, wadda har yau ita ce abincin masu karyayyar zuciya? Ina Ponniyin Selvan na 2022, shekara 30 cif bayan Roja, shi da Mani Ratnam ɗin dai, wanda ya kawo masa lambar ƙasa ta bakwai? Ina Amar Singh Chamkila na 2024, inda mutumin Chennai ya kaɗa wa Punjabawa kiɗansu har suka sara? Tun 2008 ya buɗe makarantar kiɗa ta KM a Chennai, gidauniyarsa kuma tana koya wa 'ya'yan talakawa goge da sarewa har sun zama ƙungiya guda mai suna Sunshine Orchestra. A 2010 Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Bhushan. A 2025 kuma aka sanar shi da Hans Zimmer, mai kiɗan The Lion King da Gladiator, za su haɗa hannu a fim ɗin Ramayana. Wanda ya ƙare ba a kiransa irin wannan gayya.

Ƙannena 'yan TikTok da kuka san shi ta guntayen daƙiƙa goma sha biyar, ku yi wa kanku gata. Ku nemi Dil Se gaba ɗayansa, daga farko har ƙarshe, da iyafis mai kyau, ba a sifikar waya ba. In kun gama ku bi da Roja, da Bombay, da Taal, da Rockstar, kowanne ku ba shi kwana biyu kafin ku yanke hukunci. Wanda kuma ya ji duk wannan yake ganin yana da gwanin da ya fi nawa, bismilla, ya kawo sunansa da albam biyar a jere, mu zauna.